Fim ɗin Albasa da Muka Kai Goronyo

Shekara shida na yi ina bayanin majigi a ƙarƙashin En'e kafin Turawa su tafi, kuma a lokacin ba na jin akwai wanda ya fi ni iya sa taro dariya a duk gabashin Sakkwato. Ba yabon kai nake yi ba. So nake a san irin bakin da nake da shi, don shi ya yi ɓarnar da zan ba da labarinta.

Ga wanda bai riski zamanin ba, majigi mota ce da ke zagaya garuruwa da farin ƙyalle da injin wuta da na'urar haska fim. In mun isa gari sai mu kafa ƙyallen a fili, bayan sallar isha'i jama'a su taru. Finafinan ba sa magana. Ni ne bakinsu. Kowane fim yakan zo da takarda da aka buga da Turanci, ta ce ga abin da za a gaya wa mutane a nan, ga na can. Ni kuwa sai in juya ta da Hausa ta lasifika, in ƙara mata gishiri da yaji yadda na ga dama. Babu mai hana ni, tunda dariyar jama'a ita ce shaidar an zo an kalla.

Mu biyu ne a motar. Ɗayan shi ke tuƙi, shi ke kula da inji, shi ke haskawa. Mutumin Goronyo ne, ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ina ce masa Yaya, shi kuma yana ce mini ɗan malam, saboda mahaifina marubucin littattafai ne a Wurno, irin waɗanda ake kai wa tsohon littafi su kwafe da hannu. Yana saurayi ya tafi cin rani ƙasar da Faransawa ke mulka a arewa da mu, yaƙin duniya ya taso, aka kwashe shi soja tare da samarin can, babu wanda ya tsaya tambayar garinsu. Da aka gama yaƙi bai dawo ba. Ya maƙale a babban birnin Faransawa, ya samu shara a wani ƙaramin gidan silima, daga shara ya hau ɗakin haskawa. Shekaru da yawa ya yi a can, har a Goronyo an fid da rai da shi. Sai ga shi wata rana da akwatin ƙarfe, rabinsa tufafi, rabinsa tsofaffin mujallu na Faransanci.

Waɗannan mujallun su suka hana ni sakat a hanya. Mutum ne marar yawan magana, amma da zarar an taɓo fim, to ka shirya, har ku kai Achida bai haɗiye yawu ba. Ya ce a gidan silimar nan akwai wasu samari da ke zuwa kullum, su zauna a layin gaba, in an tashi su tsaya a bakin ƙofa suna musu kamar za su daku, daga baya su je su rubuta musun a mujalla. Abin da suke wa musu shi ne wai wa ke da fim. Manyansu sun ce na wanda ya rubuta labarin ne. Masu kuɗi suka ce nasu ne. Samarin nan suka ce a'a, ko mutum ɗari suka taru a kan fim, mai shi ɗaya ne: wanda ya ce a nan za a tsai da na'ura, wannan za a kalla, yanzu a fara, yanzu a tsaya. Suka ce irin wannan mutum, ko an ɗora masa labarin da ba nasa ba, ko an yanke masa aiki an yi masa gunduwa-gunduwa, hannunsa ba ya ɓuya ga mai ido.

Ni dai dariya nake masa. Na ce Faransawan nan sun ƙoshi ne, wanda bai ci abinci ba ina ya ga ƙarfin faɗa a kan inuwa? Na kuma kawo masa hujja daga gidanmu. Na ce mahaifina ya kwafi littafi ya fi a ƙirga, bai taɓa cewa ɗaya nasa ba ne. In ya kai ƙarshe yakan rubuta sunan mawallafi, ya roƙa masa gafara, sannan ya rubuta sunan mai littafin, sannan can ƙasa ya sa nasa da ƙananan baƙaƙe, kamar mai jin kunya. Muna haye wani rafi Yaya ya ce:

"Ɗan malam, in anka kawo ma babanka takarda wadda babu suna, shina gane wanda yar rubuta ta?"

Na ce tun daga bakin zaure ma.

"To, hakanan fim yake."

Akwai abu ɗaya da ke ci masa rai, na sani domin yakan faɗe shi a gutsuttsure. Mahaifinsa yana raye, manomin albasa ne a fadamar Goronyo, dattijo mai kamun kai wanda ake kira ya raba gardama. Tsohon ya yi murna da dawowar ɗansa, amma bai taɓa ɗaukar majigi sana'a ba. In an tambaye shi aikin ɗan, sai ya ce yana tuƙa wa En'e mota, ya tsaya nan. Yaya yana so ko sau ɗaya tsohon ya dubi abin da ya koyo a shekarun nan da suka raba su, ya ce lalle wannan aiki ne.

Wata shekara da rani aka aiko wani Bature daga Kaduna ya ɗauki fim a kan noman albasa. Aka ba shi Yaya da mota. Ni ban bi su ba, matata ta haihu, ina Wurno wajen suna. Da suka dawo na ga Yaya yana tafiya kamar an yi masa bushara. Ashe zazzaɓi ya kwantar da Baturen kwana huɗu a masauki, da ya ga Yaya ya san na'urar ɗaukar hoto sai ya ba shi jerin abubuwan da ake so, ya ce ya je ya ɗauko. Yaya ya ce mini akwai wani wuri a ciki da ya kwanta rub da ciki a cikin taɓo tun hantsi yana jiran rana ta karkata, don ya samu hasken da yake so. Bai gaya mini wanda ya ɗauka ba. Cewa kawai ya yi in fim ɗin ya zo in dubi hannuwan. Ashe a Goronyo kuwa ya riga ya baza labari, a kasuwa da masallaci, cewa fim ɗinsa na tafe, kuma shi ya yi shi.

Aka kai fim ɗin can inda ake yankawa a haɗa. Bayan wata biyar ya dawo, ranar da za mu fita rangadi, tare da takardarsa. Ba mu samu damar gwada shi ba. Takardar rangadi ta ce mu fara da Wurno, mu koma ta Achida zuwa Rabah da ƙauyukanta, mu ƙare a Goronyo.

Na karanta takardar bayanin a mota. Irin wanda muka saba ne. Turawan nan labari ɗaya suka iya, sai dai su sake masa riga: ga mai wayo, ga wawa. Mai wayo ya bi shawarar malamin gona, ya ja igiya ya yi shuka a layi, ya sayi garwar ban ruwa mai rariya a baki. Wawa ya nace wa hanyar kakanninsa. Takardar ta ce in an nuno tsoho yana ban ruwa da ƙwarya, a gaya wa jama'a wannan shi ne manomin da ya ƙi jin magana.

Wurno garinmu ne, abokaina duk suna wurin, surukaina ma suna nan, ga shi na yi sabon ɗa, kaina ya kumbura. Da tsohon ya fito a ƙyalle ko kallon kirki ban yi masa ba, idona na kan jama'a. Na ga dai ƙwaryar 'yar ƙarama ce, sai na ce: jama'a ku dubi tsoho mai ban ruwa da cokali, in Allah ya yarda kafin tashin kiyama zai gama fangali ɗaya. Fili ya ɗauka. Na ga ta karɓu, na sake ta, na maƙale murya kamar ta tsoho ina ƙirga cokali ɗaya, cokali biyu. Mata suna riƙe ciki. Har muka naɗe ƙyalle yara suna bin mu suna cewa mai cokali, mai cokali. Na kwana ina jin daɗin kaina.

Da safe muka kama hanyar Rabah. Muka wuce Achida. Can Yaya ya tsai da mota a gindin wata tsamiya, ya kashe, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari.

"Tsohon ga da kac ce ma mai cokali," in ji shi, "shi yah haihe ni."

Ban san abin da na ce ba. Na san dai na yi ta rantsuwa ban sani ba, kamar rashin sanin zai mai da maganar ciki. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce ba shi ya haɗa fim ɗin haka ba. Shi ya ɗauki mahaifinsa ne don a ga yadda ake ban ruwa, su kuma can suka ga tsoho da ƙwarya suka ce ga wawansu ya samu. Shi ma jiya ya fara gani, yana tsaye a bayan na'ura.

Na kawo shawara iri-iri. Na ce mu ce fim ɗin ya tsinke. Na ce mu ce inji ya ƙi tashi. Ya ce an riga an kai wa hakimi takarda, kuma tsohon ya gayyato abokansa na ƙauyuka, har ya sa an wanke masa babbar riga. Na ce to bari in juya bayanin, in ce tsohon shi ne mai wayo. Ya girgiza kai, ya ce fim ɗin ya nuna mai garwa yana ɗora buhuna a kan jaki a ƙarshe, mutane ba makafi ba ne, kuma malamin gona zai zauna kusa da hakimi.

"Ba ni son ka gyara komi," ya ce. "In yaf fito ka yi kurum dai. Ka bar su su diba da idonsu."

Sai a lokacin na gane maganar samarin Faransa ba hira ba ce a wurinsa. Ya yarda da ita yadda mutum ke yarda da igiyar da zai shiga rijiya da ita. Yana ganin duk yankan da aka yi, da duk abin da takarda ta ce, abin da ya sa a hoton nan yana nan, kuma in aka bar mutane da shi za su gani. Ni ma na so in yarda. A Rabah da ƙauyukanta na gwada, in tsohon ya fito sai in ja bakina, in an wuce in ci gaba. Babu wanda ya yi dariya. Muka ɗan samu natsuwa, har Yaya ya koma cin abinci. Abin da ba mu lissafa ba shi ne kwana tara ne tsakanin Wurno da Goronyo, kuma fataken albasa ba sa jiran takardar rangadi.

A Goronyo an cika fili. Na ga tsohon a karo na farko da idona, a kan tabarma a gaba, dogo ne siriri, da farar riga da rawani, abokansa na dama da hagu. Na je na durƙusa na gaishe shi, ya sa mini albarka, ya ce ɗansa yana yabon haƙurina, na tashi. Na koma wajen mota.

Da fim ya zo wurin tsohon na sauke lasifika. Rannan na fara kallon fim ɗin, bayan na yi masa bayani sau takwas. Ba a fara nuna fuskarsa ba. Hannuwa ne kawai, daga ƙasa, daidai tsayin ganyen albasa. Dama na riƙe da ƙwarya, hagu na shimfiɗe a ƙarƙashinta, ruwan yana zuba a bayan hannun ya watse ta tsakanin yatsu, ya sauka a hankali yadda ba zai kwantar da dashen ba, ba zai tone saiwa ba. Rana tana bayan ruwan. Kana ganin jijiyoyin hannun, da wani tsohon tabo a babban yatsa. Ya gama wannan, ya matsa, ya ɗaga wani ganye da ya faɗi da ɗan yatsa ɗaya, ya tallafe shi da ƙasa. Sannan hoton ya hau a hankali har fuskar. Ba na'ura yake kallo ba, ɗansa yake kallo, da irin kallon da uba ke wa yaro in ya same shi kwance a taɓo da girmansa. Ko ba a gaya maka ba, ka san wanda ya ɗauki wannan yana ƙaunar mutumin.

Filin ya yi tsit, sai ƙarar inji. Manoma ne, sun san abin da suke gani. Na ji wani dattijo a gaba ya ce hakanan akan yi. Wallahi na ɗauka mun tsira, har na waiwaya wajen Yaya.

Sai wata murya daga baya ta ce, "Af, ai shi na mai cokali na Wurno." Wani ya amsa daga gefe. Wani ya maƙale murya, daidai yadda na yi, ya fara ƙirga cokali ɗaya, cokali biyu. Dariya ta taso daga baya tana cin gaba kamar wutar kara. Mafi yawansu ba mugunta ba ce, sun ji ana dariya ne suka bi. Ina riƙe da lasifika. Murya ɗaya zan ɗaga in rufe su duka, in ce ni na ƙaga maganar nan, ƙarya ce, ku dubi hannun mutumin. Na dubi hakimi, na dubi malamin gona da takarda a cinyarsa, na tuna sabon ɗana da aikina. Na bar lasifikar a ƙasa. Shirun da aka roƙe ni na riƙe, na ɓuya a cikinsa.

Tsohon bai tashi ba sai da fim ya ƙare, har sunan Baturen ya fito a ƙyalle da manyan baƙaƙe, shi kaɗai. Sannan ya miƙe ya nufo mota, inda Yaya ke naɗe fim, ni kuma ina tsaye ina yi kamar ina kwance waya.

"Wa yay yi wanga aiki?" ya tambaya.

"Ni na, Baba."

"Ba Nasara ba?"

Ga ƙofa a buɗe. Sunan Nasara ne a ƙyalle, kowa ya gani. Shi ya kawo labarin wawa, mutanensa suka yanka, ni na sa cokali. Yaya bai ko dube ni ba.

"Ni niɗ ɗauka, Baba. Ni nit tsai da idon inda yat tsaya."

Tsohon ya jinjina kai. Ya ce, "To, madalla. Shekara da shekaru ina roƙon Allah shi maido min kai gida. Ashe kasuwa za ka kai ni." Ya gyara rigarsa a kafaɗa ya tafi. Taku uku ne tsakanina da shi, ban buɗe baki ba. Ni da ake biya don magana.

Daga baya na tambayi Yaya abin da ya sa bai jingina wa Baturen ba. Ya ce wata biyar yana cewa nasa ne lokacin da yake tsammanin yabo, ba zai ce na wani ne ba ranar zagi. Ya ce kuma in ya ce na Nasara ne, ya ba da hannuwan nan ke nan, su kuwa ba zai bayar ba. Na ce to ni fa? Ya ce, kai ba ka sani ba, ɗan malam. Wannan yafiyar ta fi mari zafi, don a Wurno ne ban sani ba. A Goronyo na sani.

Tsohon ya daina zuwa kasuwa. Aka daina kiransa raba gardama, ko kuma shi ya daina zuwa, ban tabbatar ba. An ce bai fasa ban ruwa ba, sai dai yakan fita tun kafin mutane su fito. In Yaya ya je gaishe shi yakan amsa, ya tambayi lafiyar mota. Bai sake ambaton fim ɗin ba har ya rasu, kafin a cire albasar shekara ta biyu. Na yi niyyar zuwa in faɗa masa gaskiya ya fi sau goma. Kullum sai in ce bari rangadi ya kai mu. Da rangadi ya kai mu sai in ce bari a gama haskawa.

Bayan sadakar arba'in Yaya ya ajiye aiki, ya koma arewa ya haye iyaka. Ya bar mini akwatin mujallun, ni da ko baƙi ɗaya na Faransanci ban iya ba. Ban sake ganinsa ba. Har yau ban san ko samarin nan nasa sun yi gaskiya ba. Na dai ga hannunsa a hoton nan da idona, kuma na ga fili guda na manoma sun gan shi na ɗan lokacin da mutum zai ja numfashi biyar. Abin da samarin ba su sani ba shi ne a ƙasarmu akwai wani mai baki da ke tsayawa a gefen ƙyalle, wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina.

Mahaifina, in ya gama kwafe littafi, bayan sunaye yakan ƙara layi ɗaya, ya ce duk kuskuren da aka gani a ciki nasa ne, kada a ɗora wa mawallafi. Ina yaro ina ganin tsoron Allah ne ya yi masa yawa.

Shekaru masu yawa bayan haka, gemuna ya yi fari, wata hidima ta kai ni Goronyo. An daɗe da daina majigi. Fim ɗin albasa na tabbata ya ruɓe a wani sito, sunan Baturen ni kaina na manta shi. Na ce bari in nemi gidan, ko zan samu wanda zan gaisar, in tambayi labarin Yaya. Garin ya canza mini. Na tsai da wata mata mai tallar fura, na faɗa mata sunan tsohon, cikakke, da na mahaifinsa. Ta ce ba ta san shi ba. Na faɗi sunan Yaya, na ce wanda ya yi soja a Faransa. Ta yi tunani ta girgiza kai. Na ce manomin albasa ne, dogo, gidansu na wajen hanyar fadama.

Fuskarta ta washe. Ba da wata manufa ba, yadda ake faɗin sunan unguwa, ta nuna mini da hannu ta ce, "Ai sai ka ce min gidan mai cokali, Baba. Ga shi can, kowa ya san shi."